Abincin Da da na Yau: Amsoshin Tambayoyin da Matasa Suka Sa Ni a Gaba da Su

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur kayan abinci suka yi tashin gwauron zabi, matasa suka sa ni a gaba da tambayoyi iri ɗaya, saboda sun san an haife ni kafin 'yancin kai, na tashi a ƙauye a ƙasar Kano, kuma na yi cefane da sule da sisi kafin naira ta zo a 1973. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na tara amsoshin wuri ɗaya.

Tambaya: Baba, shin gaskiya ne mutanen da sun fi mu samun abinci?

Amsa: Da kaka sun fi ku. A tsakiyar damina kuwa, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, gidaje da yawa a kan kwaɗon rama da tafasa suke kwana, magidanci kuma ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya samo tiyar dawa. Duk wanda ya ce muku babu yunwa a da, ko dai ɗan gidan masu hali ne, ko kuma mantuwa ta kama shi. Ku tambayi waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984, su faɗa muku yadda shanu suka ƙare, da yadda mutane suka riƙa kwararowa Kano daga arewa da ƙwarya a hannu.

Tambaya: To, me ake ci a rana ɗaya?

Amsa: Koko ko ɗumame da safe, fura da rana, tuwon dawa ko na gero da dare, da miyar kuka ko kuɓewa ko karkashi. Gobe ma haka ne, jibi ma haka ne.

Tambaya: Shinkafa fa?

Amsa: A wajenmu abincin Sallah ce da biki da baƙon girma, sai dai a ƙasashen fadama irin su Argungu da Haɗeja, inda aka daɗe ana noma ta. Abin da ya sauya lamarin shi ne kuɗin man fetur. Bayan ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, ma'aikata suka samu kuɗi a hannu, jiragen ruwa suka riƙa sauke shinkafa da alkama daga waje da arha, sai shinkafa da miya da shayi da biredi suka zama alamar wayewa, tuwon dawa kuma ya koma abincin ƙauye. A lokacin ne kuma aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka buɗe noman rani a Kadawa da Kura, wanda shi ne tushen shinkafa da tumatir da kuke gani a Kano yau. Ban ce shinkafa aibu ce ba. Abin da nake cewa shi ne mun ɗora cikinmu a kan abin da farashinsa ke bin dala, kuma tun daga 1986, da aka fara karya darajar naira, muke biyan wannan bashi.

Tambaya: Ai tuwon masara ma abincin gargajiya ne, ko?

Amsa: A'a. Da muna yara masara 'yar bayan gida ce, ana shuka ta kaɗan don gashi da dafawa. Ta mamaye gonaki ne bayan shirye-shiryen bunƙasa noma da aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe wajen 1975, waɗanda suka zo da sabon iri da takin zamani mai rangwame. Masara tana ba da buhu da yawa, amma ba ta yi sai da takin saye, alhali gero da dawa suna haƙuri da takin gida da ɗan ruwan da Allah Ya saukar. Da aka janye rangwamen taki, talakan manomi ya tarar ya saba da amfanin da ba shi da ƙarfin ciyar da shi.

Tambaya: An ce da naira ɗaya tana cika kwando da cefane. Haka ne?

Amsa: Haka ne, amma ku daina wannan lissafi, domin ba ya nuna komai. Wa yake da nairar a lokacin? Mafi ƙarancin albashi a 1981 naira 125 ne, kuma yawancin mutanen ƙauye ba su da albashi kwata-kwata. Idan kuna son awo na gaskiya, ku auna albashi da buhu. A 2014, mai ɗaukar naira 18,000 yana iya sayen buhun shinkafa ya rage canjin mai da magi da gishiri. A 2024, da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, buhu ɗaya ya wuce wannan kuɗi a kasuwanni da yawa, har mutane suka koma sayen afafata, wadda a da kifi ake ba wa. Wannan shi ne koma-bayan da nake gani da idona: a da yunwa sai ta ga rumbu ya ƙare take shigowa, yanzu kuwa kasuwar Dawanau da ke Kano cike take da hatsi ana kwana da yunwa a bayanta.

Tambaya: Wato babu abin da ya gyaru ke nan?

Amsa: Kada ku yi butulci. Abubuwa da yawa sun gyaru, kuma ku da kuka tashi kuka tarar da su ba ku san darajarsu ba. Ruwan da muka sha na tafki ne da kududdufi, wanda muke rabawa da dabbobi, shi ya sa da damina, daidai lokacin da ake buƙatar hannu a gona, za ka ga ƙato kwance da kurkunu a ƙafa, ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 600,000 a Najeriya, amma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da shi daga ƙasar. Agana, wadda ta makantar da wasu ta ɓata fuskokin wasu, an gama da ita a duniya tun 1980. Maƙoƙo ya ragu ƙwarai bayan da aka tilasta sanya sinadarin aidin a gishiri.

Sannan ku tambayi iyayenku mata. Kafin injin niƙa ya iso ƙauye, mace tana tashi tun asuba ta yi surfe, ta wanke, ta baza, ta durƙusa a kan dutsen niƙa har gwiwa da tafin hannu su yi kanta, sannan ta koma turmi don dakan fura, ga ɗiban ruwa ga neman itace, ga goyo a baya. Tuwon da maza ke yabo a yau cewa ya fi daɗi, da ƙashin bayan mata aka yi shi. Ban taɓa jin tsohuwar da ta yi wannan aiki tana kewar dutsen niƙa ba.

Tambaya: Daddawa ko dunƙule, wanne ya fi?

Amsa: Daddawa. Abinci ce mai gina jiki, daga kalwar ɗorawa ake yin ta, shi kuwa dunƙule yawancinsa gishiri ne. Ku sa ɗaya a miya idan kuna so, amma ban ga dalilin zuba biyar ba.

Tambaya: Ina da ɗan kuɗi a hannu. Shin in sayi hatsin shekara da kaka in ajiye, ko in ci gaba da awo a kwano?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba zan ba ka amsa guda ɗaya ba, ɗana, domin ta dogara da halinka. A yawancin shekaru hatsi ya fi sauƙi daga Nuwamba zuwa Janairu, bayan an kai gero da masara gida an yanke dawa an roro wake, ya kuma fi tsada daga Yuni zuwa Agusta, saboda haka mai saye da kaka yakan ci riba. Amma na ce yawancin shekaru, ban ce kullum ba. Waɗanda suka sayi masara da tsada a ƙarshen 2024 suna jiran ta ƙara tashi, da yawansu sun yi asara a 2025, domin farashi ya sauko bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na ɗan lokaci. Idan don cin gidanka kake saye, irin wannan faɗuwa ba za ta cutar da kai sosai ba, tunda ci za ka yi ba sayarwa ba. Idan kuwa bashi za ka ciwo, ko kuɗin makarantar yara ko na asibiti za ka taɓa, to ka bari, domin wanda ya zuba duk abin da yake da shi a buhu, ranar da lalura ta taso da arha zai sayar.

Sai maganar wurin ajiya, wadda a nan mafi yawanku kuke faɗuwa. Rumbu yana riƙe gero da dawa shekara biyu ko uku saboda a dami ake zuba su, ba a sussuke ba, kuma an ɗaga shi daga ƙasa iska tana ratsawa. Kai kuma tsaba za ka saya ka kai ɗakin haya mai siminti da kwano. Saboda haka ka tabbatar hatsin ya bushe kafin ka biya: ka ciza ƙwaya, idan ta fashe da ƙara ta bushe, ko ka zuba ɗan hatsin da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba ka girgiza, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar to akwai sauran laima. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ka ɗora buhu a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Gero ya fi juriya, dawa tana biye, masara ta fi su saurin cin ƙwari, wake kuwa shi ne mafi wahala. Ga wake da masara, ka nemi buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, ko jarka ko ganga mai murfi mai kyau, ka cika ta maƙil ka toshe, domin ƙwaro yana mutuwa idan iska ta ƙare masa, da sharaɗin ba za ka riƙa buɗewa kullum ba. Ina roƙonka da girman Allah kada ka yayyafa fiya-fiya ko wani maganin feshin gona a kan abin da iyalinka za su ci. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda irin wannan guba, mu kuma muna ci muna ba yara.

Idan ba ka da wuri ko kuɗin shekara, ka sayi na wata uku, ko ku haɗa kuɗi da 'yan'uwa ku raba buhu, ko da hakan ma ya fi awon kwano sauƙi. Kada kuma ka ji tsoron cewa ɓoye abinci kake yi, domin ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tanadar wa iyalansa abincin shekara. Abin da aka hana shi ne tara abinci a kulle don a ƙuntata wa jama'a a tsawwala musu.

Tambaya: Me ya sa abinci ke tsada ko a shekarar da damina ta yi kyau?

Amsa: Saboda ruwa kaɗai ba ya noma. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja akwai gonakin da aka daina shiga saboda 'yan bindiga, wasu manoman kuma sai sun biya haraji kafin su shuka ko su girbe. Ga tsadar taki, ga kuɗin mota daga gona zuwa kasuwa. Ga kuma yawan baki: ƙidayar 1963 ta ba da mutum miliyan 55 da ɗoriya, yau mun haura miliyan 200, gonar da kakanku ya noma shi kaɗai kuma an raba ta gado har sau biyu, wani yankin ma an yanka shi fuloti.

Tambaya: Da ba a jin ciwon suga da hawan jini. Abincin zamani ne ya kawo su?

Amsa: Yana da hannu, musamman lemon kwalba da yawan suga da gishiri da zama wuri ɗaya, amma ku sani a da ba a awo, mutum yakan faɗi a ce iska ce ta buge shi. Kada ku firgita, ku je a auna ku, ku rage zaƙi, ku riƙa tafiya da ƙafa.

Tambaya: Ina ciyayya ta tafi?

Amsa: Wannan ce ta fi yi mini ciwo. Bayan magariba kowane magidanci yakan fito da akushinsa ƙofar gida a haɗa a ci tare, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya zauna ya ci babu wanda ya sani, baƙo da almajiri su samu rabonsu, a kuma aika wa tsohuwar da ba ta da kowa. Yau kowa ya ja katanga ya sa ƙyauren ƙarfe, maƙwabci zai yi kwana biyu bai hura wuta ba, na kusa da shi bai sani ba. Wannan ba gwamnati ce ta ƙwace mana ita ba, kuma ba sai an jira dala ta sauko kafin a dawo da ita ba.

Tambaya: Yarana ba sa cin tuwo, sai Indomie da taliya. Yaya zan yi?

Amsa: Wa yake sayo musu? Yaro ba ya zuwa kasuwa, 'yata. Ki gyara miyar, ki sa daddawa da ɗan wake ko ƙashi, ki zuba man shanu idan da hali, ki zauna ku ci tare a kwano ɗaya. Ki riƙa sauyawa da ɗanwake da dambun zogale da faten wake da kunun gyaɗa, waɗanda duk sun fi taliyar leda riƙe ciki, kuɗin da za ki kashe a kansu kuma bai kai na katan ba. Zai yi fushi daren farko, ya ci a na biyu.