Rikicin Makaman Nukiliya na Kyuba (1962)

Rikicin makaman nukiliya na Kyuba shi ne sa-in-sar da ta auku tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet daga 16 zuwa 28 ga Oktoban 1962, kuma masana tarihi da dama na ganin babu lokacin da duniya ta kusa faɗawa yaƙin ƙare-dangi a zamanin Yaƙin Cacar Baka kamar waɗannan kwanaki goma sha uku.

Bayan Amurka ta mara wa 'yan gudun hijirar Kyuba baya a yunƙurin kifar da gwamnatin Fidel Castro a watan Afrilun 1961, yunƙurin da ya ci tura, shugaban Sobiyet Nikita Khrushchev ya girka makamai masu linzami a asirce a tsibirin, wanda nisansa da jihar Fulorida ta Amurka bai wuce kimanin kilomita 145 ba. Yana da hujja ta biyu, domin Amurka ta riga ta kafa nata makaman, samfurin Jupiter, a Turkiyya da Italiya.

A ranar 14 ga Oktoba jirgin leƙen asirin Amurka samfurin U-2 ya ɗauko hotunan sansanonin makaman. Shugaban Amurka John F. Kennedy ya ƙi bin shawarar hafsoshinsa ta kai hari nan take, ya kuma sanar a ranar 22 ga wata cewa sojan ruwansa za su killace tsibirin. Gini da Senegal ma sun hana jiragen saman Sobiyet sauka su sha mai a hanyarsu ta zuwa Kyuba.

Ranar Asabar 27 ga Oktoba ta fi kowace muni, kuma ita ce ta nuna cewa al'amarin ya fara kuɓuce wa shugabannin biyu. An harbo wani U-2 a samaniyar Kyuba ba da umarnin Khrushchev ba, matuƙinsa Manjo Rudolf Anderson ya mutu. A cikin teku kuma, jiragen yaƙin Amurka suka rutsa jirgin ƙarƙashin ruwa na Sobiyet mai lamba B-59, suna jefa masa ƙananan bama-bamai don ya taso, ba su san yana ɗauke da makamin nukiliya ba. Ma'aikatansa, cikin tsananin zafi da ƙarancin iska, ba su da hanyar jin Mosko, har kyaftin ɗin ya zaci yaƙi ya ɓarke. Hafsa Vasili Arkhipov ne ya ƙi amincewa a harba.

A daren nan Robert Kennedy, ƙanen shugaban Amurka, ya gana da jakadan Sobiyet Anatoly Dobrynin, washegari Khrushchev ya sanar ta Rediyon Mosko cewa zai kwashe makamansa. Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kyuba ba, sannan a asirce ta yarda ta janye makamanta daga Turkiyya, abin da ta cika a watan Afrilun 1963. Castro, wanda ba a tuntuɓe shi ba, ya fusata ƙwarai. A 1963 aka kafa layin sadarwa kai tsaye tsakanin Washington da Mosko, aka kuma rattaba hannu kan yarjejeniyar hana gwajin nukiliya a sararin sama da cikin ruwa.