Daga wawan sarki zuwa wayar hannu: waiwaye kan barkwancin siyasa a Katsina

Ran nan da daddare, a teburin wani mai shayi kusa da Ƙofar Ƙaura, na tarar da samari biyar sun haɗa kai a kan waya guda. Wani yaro suke kallo, ya zuba babbar riga, ya cusa matashin kai ya yi tumbi, yana kwaikwayon ɗan siyasar da ya je jaje ƙauyen da 'yan bindiga suka tasa. Bai ko gaisa da mutane ba, sai tambayar mai hoto yake ko hularsa ta zauna daidai. Aka kwashe da dariya. Wani dattijo a gefe ya ajiye kofinsa ya ce, "Samari, ku yi ta dariya. Ranar da aka zo ɗaukar yaron nan, wa zai tsaya masa?"

A da wannan tambayar tana da amsa. Wawan sarki kan faɗi a gaban fadawa abin da waziri ba zai iya furtawa ba, ya tashi lafiya lau, domin sarautarsa ke nan. Taubasai na da nasu lasisin, haka jika da kaka, haka Bafulatani da Babarbare. 'Yan kama su juya waƙar yabon manya ta koma ta tuwo da miya. Sai tashe, wanda nake ganin ya fi su duka zurfi. Daga goma ga azumi yara su liƙa gemun auduga, su rataya buzu da allo, su bi gida-gida suna kwaikwayon malamin da aka kama yana rawa, ko tsohon da ya ƙi girma, ko gwauron da ya ƙi aure. Wanda abin ya taɓa shi ne zai miƙo hatsi ko kwabo. Al'ada ce ta ba su bakin, ita ce kuma ta ja musu iyaka: ana taɓa hali, ba a tona asirin gida.

Da boko ya zo, Katsina na sahun gaba. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, aka buga shi a 1934, yana sa mutane dariya da malaman tsibbu da alƙalan da ba su san aikinsu ba. Daga baya Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi, ya fito da Kulɓa Na Ɓarna a kan masu kuɗin da ke lalata 'yan mata 'yan makaranta. Shi kuwa Mamman Shata, ɗan Musawa da aka binne a Daura a 1999, manya sun ji tsoron zambonsa fiye da sammaci.

Zamanin soja ma dariya ba ta mutu ba. Usman Baba Pategi, tsohon soja ne, ya yi shekaru yana Samanja a talabijin, yana nuna wautar bariki, sojojin da kansu na kallo. Amma a 1984 Doka ta Huɗu ta gwamnatin Janar Buhari ta kai 'yan jarida biyu na Guardian kurkuku, kowa ya gane akwai inda ba a takawa. Abin mamaki, farar hula ba su fi haƙuri ba. A 2008 aka ɗaure Rabilu Musa Ibro a Kano lokacin da hukumar tace finafinai ke tsananta wa 'yan fim. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa samari biyu bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu, saboda bidiyon TikTok a kan Gwamna Ganduje. Ga kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024 bayan an daɗe ana kukan ana kama masu suka da shi.

Yau duk mai waya da data wawan sarki ne, sai dai ba fadar da ta naɗa shi. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, tsadar masara a kasuwar Dandume, duk ta bakin waɗannan yaran talaka ya fara jin an faɗi abin da ke cinsa. Irin su Ɗan Bello ma har da takardu da alƙaluma suke haɗa barkwancin.

Ba na wanke su duka. Akwai wanda ɗan siyasa ya saya don ya ci mutuncin abokin hamayya, akwai mai mai da gurgu ko ɗan gudun hijirar Batsari abin dariya, kuma wannan yana ƙona mini rai, domin ko yaran tashe ba sa yi. Amma yaron da ke cikin wayar nan ba marayu ya taɓa ba, mai hula ya taɓa. Da dattijon ya sake tambaya, babu wanda ya amsa a cikin samarin. Ɗayansu dai ya tura wa abokinsa bidiyon, ya ce ya ajiye kafin a goge.