Masanin halayyar masu laifi ba ɗan sanda ba ne, ba kuma boka ba

Finafinai sun sa mutane da yawa ɗaukar cewa wanda ya yi digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam na fannin shari'a, aikinsa shi ne ya kalli gawa ya faɗi shekarun makashin da unguwarsu. Ko kusa.

Yawancin aikin zama ne da fursuna ko wanda ake tuhuma a ƙaramin ɗaki, da takardun gwaji a kan tebur, sai rubuta rahoto ga alƙali. Shin wannan mutum yana fahimtar shari'ar da ake yi masa? Idan aka sake shi, zai maimaita? Karatun kuwa cike yake da lissafin ƙididdiga, abin da ke ba ɗalibai mamaki.

Akwai kuma batun shaidu. A 1974 Elizabeth Loftus, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta nuna wa mutane bidiyon haɗarin mota. Da aka canza kalma ɗaya a tambayar da aka yi musu kan gudun motar, sai suka ƙara yawan gudun da suka ƙiyasta, wasu ma suka "tuna" da fasasshen gilashin da babu shi.

A Birtaniya, digirin kaɗai bai isa ba. Sai an yi aƙalla shekara biyu ana aiki ƙarƙashin kulawar ƙwararre, sannan a yi rajista da HCPC, hukumar da ke sa ido kan ƙwararrun fannin lafiya.