Gobara a asibiti: ina mara lafiya zai gudu?

Duk wanda ya taɓa kwanan jinya a wani babban asibiti a Yamai ya san yadda baranda take da dare: tabarmi a shimfiɗe, kulolin abinci, butoci, wayoyi biyar a jone a priz ɗaya. Wanda ya kwana a nan ba zai rasa yi wa kansa waɗannan tambayoyi ba.

Me ya sa asibiti yake da ƙa'idojin gobara na daban?

A kasuwa in wuta ta tashi, ƙafa me na ci ban ba ki ba. A asibiti kuwa akwai wanda ake yi wa tiyata, da jariri a kwalba, da mai karaya da aka rataye wa ƙafa. Yamai ba ta manta da Afrilun 2021 ba, lokacin da yara kusan 20 suka rasu a azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas. Su ma ƙanana ne da ba su iya tserewa ba.

Shi ya sa ba a gina tsarin asibiti a kan fitar da kowa waje. Ƙa'idar Faransa ta 1980, wadda injiniyoyi da yawa a ƙasashe masu amfani da Faransanci suke dubawa, ta sa asibitoci a rukunin da ta kira U. Abin da take nema shi ne a raba kowane hawa mai gadajen kwana aƙalla gida biyu, da bango da ƙofa masu jure wuta. In ta kama a wannan ɓangare, sai a gungura gadaje zuwa wancan, a rufe ƙofa. Ba a bin matattakala da gado, ba a shiga na'urar hawa bene. Lokaci kawai ake saya kafin ƴan kashe gobara su iso.

Me ya fi tayar da gobara a asibiti?

Kuran. A watan Mayun 2022 jarirai 11 suka rasu a asibitin Tiwawan na Senegal, hukumomi suka ce haɗuwar waya ce, ministan lafiya ya rasa kujerarsa. A Satumban 2019 jarirai 8 suka rasu a El-Wad ta Aljeriya, aka danganta abin da ƴar na'urar korar sauro da ake jonawa a bango. Irin wadda da yawanmu muke kai wa majinyacinmu da kyakkyawar niyya.

A nan, bazara ce lokacin tsoro. Zafi ya haura digiri 40, kilim da fanka suna aiki dare da rana, NIGELEC ta ɗauke, gurup ya karɓa, wuta ta dawo. Wayar da aka ja shekaru da yawa don ƙwan fitila da fanka, yau an ɗora mata firij da injuna. In disjonktè, na'urar da ke yanke kuran da kanta, yana yawan faɗuwa, magana yake yi: kaya sun yi wa waya nauyi. Mai gyaran da ya sa wanda ya fi shi girma don a huta da faɗuwar, ya toshe bakin mai gargaɗi ne, waya kuma za ta ci gaba da zafi cikin bango.

Gaskiya ne iskar oksijen tana kamawa da wuta?

Ita kanta ba ta ci, amma tana ciyar da wuta. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne oksijen. In tiyo ya yi yoyo a ɗakin da aka rufe saboda kilim, adadin yana hawa, sai zanin gado da gashin kai su kama da ɗan tartsatsin da ba zai yi komai ba a waje. A Afrilun 2021 tukunyar oksijen ta fashe a asibitin Ibn al-Khatib na Bagadaza, mutane 82 suka mutu.

Ga abin da masu jinya ba su cika sani ba: maiƙo da oksijen ba sa ga maciji. Leɓen mara lafiya ya bushe da hunturu, sai a lafta masa basilin a hanci alhali tiyo yana ciki. Kada a yi. A tambayi majo abin da ya dace a shafa. Turaren wuta da igiyar sauro kuwa, ko kusa da ƙofar ɗakin kada su zo.

To ƙofar baya da aka sa wa kwaɗo saboda ɓarayi fa?

Hujjar mai gadi ba ƙarya ba ce, ana satar wayoyi da babura. Amma ƙofar fita ta gaggawa dole ta buɗu daga ciki ba tare da neman makulli ba, ta buɗe kuma zuwa waje. Akwai ƙarfen da ake sawa, mutum ya tura da jikinsa ta buɗe, na waje kuma ba zai iya shigowa ba. Ƙofar tsare wuta ita kuma akasin haka take so: ta zauna a rufe. Wanda ya tokare ta da dutse don iska ta shigo ya mayar da gida biyu gida ɗaya, kuma hayaƙi, wanda ya fi harshen wuta kisa, zai bi baranda ya shiga kowane ɗaki.

Jar tukunyar kashe wuta da ke rataye a bango, kowace iri ɗaya ce?

A'a. Akwai ta ruwa, don katifa da takarda da katako. Akwai ta iskar CO2, mai baƙin baki kamar mazurari, ita ce ta kayan kuran. Kada a kama bakin da hannu, sanyinsa yana ƙuna. Akwai ta gari, mai kashe kusan komai, sai dai tana turnuƙe ɗaki ta lalata injuna, ba ta dace da ɗakin masu wahalar numfashi ba. Kowace ana duba ta sau ɗaya a shekara, kwanan watan yana manne a jikinta. Karanta shi in ka wuce.

Wa ke duba duk wannan?

Aikin hukumar kare fararen hula ne, Protection Civile, da ƴan kashe gobara, waɗanda ake kira a lamba 18. Asibiti kuma ya kamata ya riƙe littafin da ake rubuta kowane dubawa da kowane atisaye. A ganina littafin ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne ƙarfe ukun dare, ma'aikaciya ɗaya ko biyu a kan gadaje da yawa: ta san inda ake rufe oksijen na ɓangarenta? Ta taɓa zare fil ɗin tukunyar kashe wuta da hannunta?

Ni mai jinya ne kawai, me zan iya?

Daren farko, kafin ka shimfiɗa tabarma, nemi hanyar fita ta biyu ka taka ta da ƙafarka. Shimfiɗa a jikin bango, ka bar faɗin da gado zai wuce. Furno da resho su tsaya can tsakar fili, shayin ba zai huce ba kafin ka kawo shi. In ka ji ƙaurin waya, faɗa wa mai aikin dare nan take, ko da za ta ce ka cika tsoro. In wuta ta riga ta kama, yi ihu, a kira 18, a fitar da na cikin ɗakin, ka ja ƙofa a bayanka, ka sunkuya ƙasa da hayaƙi. Kada ka cire wa mara lafiya tiyo da kanka sai ma'aikaci ya ce.