Monk (shirin talabijin)

Monk shirin talabijin ne na Amurka da ya haɗa binciken kisan kai da barkwanci. Andy Breckman ne ya ƙirƙiro shi, tashar USA Network kuma ta nuna shi daga 12 ga Yuli 2002 zuwa 4 ga Disamba 2009, zango 8, kashi 125. Tony Shalhoub, ɗan wasa mai tushe a Labanan, ya fito a matsayin Adrian Monk, tsohon ɗan sandan ciki na San Francisco mai fama da matsanancin waswasi, cutar da likitoci ke kira OCD.

Asali

An ce furodusa David Hoberman ne ya fara kawo shawarar, kuma ya sha faɗin cewa shi kansa ya yi fama da irin wannan waswasi yana yaro. Da farko tashar ABC aka tsara wa shirin, har aka yi maganar ba ɗan wasan barkwanci Michael Richards matsayin Monk, amma abin bai yiwu ba. Shirin ya yi ta jan ƙafa kafin ya koma USA Network. Labarin a San Francisco yake, sai dai ba can aka ɗauki yawancinsa ba: kashin gwaji a Vancouver, zangon farko a Toronto, sauran kuma a Los Angeles.

Labari

A 1997 aka kashe matar Monk, 'yar jarida Trudy, da bam da aka dasa a motarta. Mutuwar ta dagula masa lissafi, aka sallame shi daga aiki, ya shafe fiye da shekara uku a ƙunshe cikin gida. Ma'aikaciyar jinya Sharona Fleming ce ta fito da shi, ya koma taya 'yan sanda bincike ana biyansa lada, ƙarƙashin tsohon maigidansa, Kyaftin Leland Stottlemeyer, da mataimakin kyaftin ɗin, Randy Disher.

A cewar shirin, abubuwa 312 Monk ke tsoro, ciki har da ƙwayoyin cuta, tsayi, allura da madara. In ya gaisa da mutum, nan take yake miƙa hannu a ba shi tsumman gogewa. Ba ya wuce turakun bakin titi bai taɓa kowanne ba, kuma a tsakiyar binciken gawa sai ya tsaya daidaita abin da ya karkace a kan tebur. Idon nan da ke hana shi sakat shi ne yake tsinto abin da ya kuɓuce wa kowa, kuma a kan wannan aka gina shirin gaba ɗaya. Kisan Trudy ne kaɗai ya gagare shi, sai a kashi biyu na ƙarshe aka gano cewa wani alƙali, Ethan Rickover, ne ya sa aka yi.

'Yan wasa

Bitty Schram, mai fitowa a Sharona, ta bar shirin a tsakiyar zango na 3, ana cewa saɓani ne kan kwantiragi. Traylor Howard ta maye gurbinta a matsayin Natalie Teeger, sabuwar mataimakiyar Monk. Stanley Kamel, likitan Monk a shirin, ya rasu a Afrilun 2008, Héctor Elizondo ya shigo a matsayin sabon likita.

Karɓuwa

Shalhoub ya ci Emmy, babbar kyautar talabijin ta Amurka, sau uku, a 2003, 2005 da 2006. Kiɗan buɗe shirin na Jeff Beal da waƙar Randy Newman da ta maye shi daga zango na 2 duk sun sami Emmy. Kimanin mutum miliyan 9.4 suka kalli kashin ƙarshe.

Ra'ayi ya rabu kan yadda aka nuna cutar. Wasu sun yaba da tausayin da aka nuna wa mai ita, wasu na ganin an mai da ita abin dariya da tsabar son tsafta kawai.

Fim ɗin ci gaba, Mr. Monk's Last Case, ya fito a Peacock, dandalin kallon finafinai ta intanet, a Disamban 2023.