Ɗaukar bakwaini daga asibiti zuwa asibiti a kan na'urar CPAP

Bakwaini shi ne jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37. Babbar matsalarsa a kwanakin farko ita ce huhu, domin bai gama samar da sinadarin safaktan ba, wanda ke hana ƙananan jakunkunan iska manne wa juna. Idan asibitin da aka haife shi ba shi da sashen kula da irinsa, sai a kai shi wani, kuma dole taimakon numfashi ya bi shi har cikin mota.

A da, an saba zura wa jaririn bututu a maƙogwaro kafin a tashi, na'ura ta riƙa yi masa numfashi. Yanzu ƙwararru da yawa suna ɗaukarsa a kan CPAP, wato iska mai ɗan matsi da ke shiga ta hanci ba yankewa, jaririn kuma yana numfashi da kansa. Likita George Gregory da abokan aikinsa a Amurka ne suka bayyana amfanin wannan hanya ga jarirai a 1971. Matsin da aka fi sawa yana tsakanin santimita 5 zuwa 8 na ruwa, wato ma'aunin da ake auna matsin iska da shi. Amfaninta shi ne huhu mai taushi ba ya shan wahalar da bututu da injin numfashi ke jawowa.

Rabin aikin ana yin sa ne tun motar ba ta tashi ba. Ana duba yawan oksijin da jaririn ke buƙata, da ko numfashinsa yana ɗaukewa, da sukarin jininsa. Wanda buƙatarsa ke ta hauhawa gara a sa masa bututu a asibiti, don zura bututu a maƙogwaron jariri mai kilo ɗaya a gefen titi ba abin da ake so ba ne. Ana kuma sa siririyar roba ta baki zuwa ciki domin iskar da ya haɗiya ta fita, a lissafa tukwanen oksijin da za su kai, da rara saboda tsaiko.

A hanya, abin da ya fi cin rai ƙarami ne: 'yan robobin da ake sa wa jaririn a hanci, waɗanda iskar ke bi ta cikinsu. Mota ta faɗa rami, su goce, ko jaririn ya buɗe baki, matsin ya zube, ƙirjinsa ya fara lotsawa. Ƙarar inji ba ta barin a saurari huhu sosai, shi ya sa idon nas ba ya barin ƙirjin da na'urar auna oksijin, wadda ake so ta tsaya wajen kashi 90 zuwa 95. Oksijin da ya wuce kima yana lalata idon bakwaini. Sanyi ma maƙiyi ne, don haka ana riƙe zafin jiki tsakanin digiri 36.5 da 37.5 na ma'aunin Celsius a cikin kwalbar tafiya, wato akwatin ɗumama jariri da ake ɗauka a mota. A jirgin sama kuwa iskar da ta maƙale a ƙirji tana kumbura idan an yi sama.

Ostareliya, saboda nisan garuruwanta, ta daɗe da kafa ayarin ɗauko jarirai na musamman. A yankunanmu kuwa sau da yawa a zane ake naɗe bakwaini, kaka ta rungume shi a motar haya, ya iso jiki sanyi ƙalau. Inda babu kwalba, ɗora shi a ƙirjin babba, fata da fata, yana riƙe masa ɗumi. Idan kuma an hango haihuwar za ta zo da wuri, likitoci sun fi son a kai uwar babban asibiti tun jaririn yana ciki.