Kiwon Kifi a Gaɓar Teku Bai Hutar da Kifin da Ke Sake Ba

An daɗe ana ɗauka cewa kiwon kifi a keji a gaɓar teku yana rage wa kifin da ke rayuwa a sake nauyin kamun masunta. Abin da ya faru a Norway, ƙasar da ta fi kowace kiwon kifin salmon, ya nuna cewa lamarin ba haka yake kai tsaye ba.

Kejin raga ne kawai, ruwa na shiga yana fita. Idan aka tara dubban kifaye wuri guda, ƙwarƙwatar teku, wata ƙaramar halitta mai manne wa fatar kifi tana cin majinar jikinsa da jininsa, takan hayayyafa ƙwarai, kuma igiyar ruwa ta kwashi 'ya'yanta zuwa kan ƙananan salmon da suka baro koguna za su shiga teku, waɗanda 'yan ƙwarƙwata kaɗan ma sun isa su halaka su. Kifin da ya tsere daga keji kuma yakan yi barbara da na kogi, ya raunana irin. A 2021 Norway ta sanya salmon na kogunanta cikin jerin halittun da ke dab da shiga haɗari.

Ga kuma batun abinci. Salmon kifi yake ci, saboda haka ana kama ƙananan kifaye a niƙa su a yi gari da mai don ciyar da na keji. Masana'antun Muritaniya da Senegal da Gambiya suna niƙa sadin ɗin da talakawan yankin suka dogara da shi, su tura ƙasashen waje.